Katin da Muka Kafa a Kan Kifi

Ina cikin shekarata ta huɗu a teburin kifi na wani kanti a unguwar Nasim, gabashin Riyad, aka kawo mana katunan. Ni mutumin Yawuri ne, gidanmu gidan masunta ne, tun ina ƙarami na iya gyaran kifi. Da na zo Saudiyya aikin lebura aka rubuta a iƙamata, wato takardar zama, na yi wata bakwai ina sauke kwalaye a bayan kantin. Rannan mai gyaran kifinsu ya tafi hutu bai dawo ba, aka ga yadda nake riƙe wuƙa, aka ba ni takalmin roba da rigar leda. Tun daga ranar ban sake barin wurin ba.

Aikin ba shi da wuyar ganewa, gajiya ce dai da shi. Ana idar da sallar Asuba motar kifi take isowa daga bakin teku. In sauke, in zuba ƙanƙara a tebur, in jera kifin kowanne da irinsa, in wanke ƙasa. Daga nan sai kankarewa da yanka har dare, in ban da hutun rana. Waje zafi kamar bakin tanda, ni kuma yatsuna a sandare da sanyi. Fatar hannuna ta tsage ta warke ta sake tsagewa har na daina kula. Gwiwoyina ne suka fi damuna, saboda tsayuwa a kan jiƙaƙƙen siminti.

Manajan kantin, wanda muke kira mudir, Bamisire ne, sabon zuwa. Ba mugu ba ne. Mutum ne mai son a ga ya kawo abin da ba a taɓa yi ba. Wata safiya ya kira ni, ni da wani dattijo ɗan Bangaladash mai kula da ɓangaren kayan lambu, ya zazzage wata jaka a gabanmu. Katuna ne kamar tafin hannu, an lulluɓe su da roba, kowanne an manna masa tsinke. A sama sunan kifi ko na kayan miya da Larabci da Turanci, a ƙasa layuka na ƙananan lambobi.

Ya ce, “Daga yau kowane kaya da katinsa. Mai saye zai ga mai nawa ne a ciki, gishiri nawa, abin gina jiki nawa. Kamar yadda ake rubutawa a jikin gwangwani.”

Dattijon ya juya kati ɗaya, na tumatir, ya duba bayansa. Ya fi shekara ashirin a Riyad, ya ga mudirai da yawa. Ya ce, “Baladiyya ce ta ce a sa?” Baladiyya su ne hukumar gari masu zuwa duba tsafta.

“Babu wanda ya ce. Dokar ta gwangwani da kwali ce, ɗanyen kaya babu dole. Mu ne muka ga dama. Shi ne bambancinmu da sauran kantuna.”

Dattijon ya ajiye katin. Da mudir ya juya baya sai dattijon ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa, ya kwashi nasa ya tafi.

Nasa da sauƙi, tumatir tumatir ne kullum. Nawa ne matsala. Tsinken a cikin ƙanƙara ake soke shi, ƙanƙara kuwa narkewa take yi. Kafin Azahar rabin katunan sun kwanta a kan kifi, wasu sun zame cikin magudanar tebur. Sai in tsince su, in wanke, in goge, in sake kafawa. Idan ruwa ya samu kafa ya shiga cikin robar, tawadar ta baje, katin ya fara ƙarni. Da yamma kuma a wanke su duka da sabulu a shanya. Aikin da ban taɓa yi ba ya ƙaru a kan wanda da ma ba na gamawa, albashi kuma yana inda yake.

Sannan kifi ba ya zuwa bisa tsarin kati. Yau a kawo hamur da sha'ur, gobe babu su, sai wani iri da ba a buga masa komai ba. Mutane kuma suka fara tambaya. Wata mata ta nuna wani kifi mai kyau, sabon fitowa, idonsa garau, ta ce me ya sa shi ba shi da kati, ko ba a yarda da shi ba ne. Ta bar shi ta sayi na kusa da shi wanda ya kwana biyu. Da na gaya wa mudir, sai ya ce, “To ka sa masa na wanda ya fi kama da shi. Kifi ai kifi ne.” Ya ɗauko alƙalami ya rubuta sabon suna a kan tef ya manna a bisa tsohon. Haka muka ci gaba.

Yawancin masu saye ko kallon katin ba sa yi. Kunnen kifin suke ɗagawa su ga ja, su danna jikinsa da yatsa, su tambayi kuɗin kilo. Jefi-jefi wani matashi mai zuwa ɗaga ƙarfe ya ɗauki hotonsa da waya. Ni kaina ban taɓa tsayawa na karanta ɗaya daga farko har ƙarshe ba sai da wani dattijo Bahaushe ya sa ni.

Direban wani gida ne a nan Nasim, mutumin wajen Katsina, zai kai shekara sittin. Baba nake ce masa. Duk mako yakan zo cefanen gidan da yake wa aiki, uwar gidan ta turo masa jerin kaya da murya a waya, yana sauraro yana ɗauka. Mun saba tun ranar da ya ji ina amsa wayar gida da Hausa. Idan babu layi yakan tsaya mu taɓa hira, ya tambayi mutanen gida, in tambayi nasa. 'Ya'yansa shida, ya aurar da uku daga wannan tuƙin.

Wata Laraba ya zo, bayan ya gama cefanen gidan bai tafi ba. Ya zaro wata takarda a ninke daga aljihun gaba ya miƙo mini.

“Ɗana, ka yi islamiyya, ko? Duba mini wannan.”

Na goge hannu na karɓa. Takardar asibiti ce. Ya ce jiri ne ya ɗebe shi a bakin makaranta yana jiran yaran gidan, aka kai shi, aka ce jininsa ya hau sosai. Likita ya ba shi magani, ya ce ya bar gishiri, ya rage mai, ya riƙa cin kifi da ganye.

Ya ce, “To na ga kun sa alluna. An ce komai a rubuce yake. Ka duba mini wanda babu gishiri.”

Na iya haɗa baƙaƙen Larabci, amma kalmomin da ke katin ba irin na littattafan da muka karanta ba ne. Na bi layukan da yatsa ina furtawa a hankali. Na nemi kalmar gishiri ban gani ba. Sai da na je na tambayi mudir ya ce layin da aka rubuta sodiyam shi ne. Na dawo muka bi tebur daga wannan gefe zuwa wancan, ni da Baba, ina karanta lambar kowanne yana gyaɗa kai. A ƙarshe muka tsaya a kan wani farin kifi da ake kawowa a yanke, babu ƙaya babu fata. Lambarsa ƙarama ce, mai ma kaɗan, ga araha.

Baba ya yi murmushi, ya ce, “Shi ke nan, wannan ne nawa. Ga shi babu ƙaya, haƙoran da ma sun ƙare.”

Daga ranar duk mako sai ya sayi rabin kilo da kuɗinsa, in raba masa gida huɗu a leda. A ɗakin direba yake zaune, wani ɗan ɗaki a jikin ƙofar gidan, yana da risho mai kai ɗaya. Ya ce ya daina cin shinkafar da ake aiko masa daga cikin gida sai ya ɗauraye ta. Yakan ce mini, “Ni yanzu da ilimi nake cin abinci.” Idan ya zo sai ya sunkuya ya dubi katin, ko da yake ba ya iya karanta shi, kamar mai gaida wanda ya sani.

Abin da ban kawo a raina ba shi ne yadda wannan kifin yake zuwa mana. Ba daga motar Asuba yake fitowa ba. A daskare yake zuwa cikin kwali daga wata ƙasa mai nisa, mu ajiye a ɗakin sanyi. Kullum da safe in ɗebo, in zuba a babban baho, in watsa gishiri cikin ruwan don ya saki da wuri kuma jikinsa ya tsaya, kada ya yi laɓo-laɓo a tebur. Haka na tarar ana yi, haka na ci gaba. Ina ɗauraye shi kafin in jera. A ganina gishirin ya tafi da ruwan. Wata biyu cur ina auna wa Baba wannan kifin da hannuna, ban taɓa haɗa bahon da takardarsa ta asibiti ba.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya, 'yar Zariya, da take aiki a wani babban asibiti, takan zo sayen bulti, wato karfasa, ranar da ba ta da aiki. Hajiya nake ce mata. Mace ce marar yawan magana, kullum idonta a kumbure da rashin barci. Rannan ina kankare mata kifi sai na ba ta labarin Baba, ina jin daɗi, har ina nuna mata katin don ta ga mun yi abin kirki.

Ta zare katin daga ƙanƙara ta karanta. Ta dubi kifin. Ta ce, “Malam, wannan lissafin na ɗanyen kifi ne da aka kama aka yanka, ba a taɓa shi da komai ba. Naka daga ina yake?”

Na ce daga kwali.

“Kawo kwalin in gani.”

Na shiga ɗakin sanyi na yago gefen wani kwali na kawo mata. Ashe akwai irin wannan jadawalin a jikinsa, na kamfanin da ya yi shi, shekara huɗu ina yaga shi ina zubarwa. Ta ɗora yatsa a layin gishiri na kwalin, ta ɗora wani a na katin. Ko ni da ban yi boko mai nisa ba na ga tazarar. Na kwalin ya ninka na katin ba sau ɗaya ba.

Ta ce, “Tun a can ake jiƙa shi da wani ruwa mai gishiri don ya riƙe nauyi. Ku kuma da me kuke narkar da shi?”

Na gaya mata. Ta rufe ido na ɗan lokaci, ta sauke numfashi. Ba ta yi faɗa ba, da alama ba ta da ƙarfin faɗan.

“Ɗaurayewa ba ta fitar da wanda ya riga ya shiga tsoka. Ba guba ba ne, mai lafiya ya ci abinsa. Amma kada ka ƙara ba mai hawan jini shi da sunan babu gishiri. Ka ba shi irin wannan da nake saye, ya dafa da lemon tsami da citta.” Ta mayar da katin ta ajiye a gefen sikeli, ba ta soke shi a ƙanƙara ba. “Mu a asibiti muna ta fama da marasa lafiya su bi abin da aka rubuta. Ga wanda ya bi.”

Kwanakin da suka rage kafin Laraba ban ji daɗinsu ba. Na yi ta shirya yadda zan faɗa masa, duk wanda na shirya sai in ji bai yi ba. Da ya zo ya nuna farin kifin kamar kullum, sai kawai na ce, “Baba, wannan ba naka ba ne. Na yi maka kuskure.” Na ɗauko guntun kwalin da na ajiye, na yi masa bayani yadda Hajiya ta yi mini, har da maganar bahon, ban ɓoye ba.

Ya saurara har na gama. Ya ce, “To allon ƙarya aka rubuta?”

“Ba ƙarya ba ne, Baba. Na wani kifin ne. Ba na wannan ba.”

Ya dubi teburin. Na zaci zai yi fushi, da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Sai ya ce a hankali, “Shi ya sa duk na koma asibiti sai su ce ina satar cin gishiri. Na rantse musu, yarinyar da take aunawa ta yi dariya.” Ya shafa fuskarsa da tafin hannu. “Wata biyu ina cin abinci lami kamar mai takaba. To yanzu me zan ci?”

Na zaɓo masa bulti biyu masu kyau. Na zauna na zare ƙayar ɗaya bayan ɗaya da ɗan hantsaki, aikin da ba ma yi wa kowa, ga mutum uku suna jira a bayansa suna tsaki. Ya karɓa ya yi godiya, ya ce Allah ya yi albarka. Bai sake sunkuyawa ya dubi wani kati ba, ranar ko bayanta.

Da aka rufe don sallar La'asar na sami mudir a ofishinsa, na ajiye masa katin da guntun kwalin. Ya duba, ya sake dubawa. Fuskarsa ta canza. Ya ce shi daga intanet ya kwaso lambobin, ya yi kwanaki yana bugawa da kansa bayan an tashi, da kuɗinsa ma ya sa aka lulluɓe su da roba. Ya ce, “Ni alheri na nufa, wallahi.” Na ce na sani. Na ce ko za a buga sabo da lambar kwalin, mu kuma daina zuba gishiri a baho. Ya ce gishirin baho ba zai taɓu ba, in an daina kifin zai lalace kafin yamma, asarar kuma a kansa za ta faɗa. Sabon kati kuwa, wa zai sayi kifin in ya ga wannan lambar? Ya ce in cire na wannan ɗin kawai, zai yi tunani.

Tunanin ya ɗauke shi kwana uku. Ya zo da kansa da safe, ya tsaya a gaban tebur hannu a aljihu, ya ce in kwashe na kifin duka. Ya ce ya tambaya, an ce masa in babu kati babu mai kama shi da laifi, amma in akwai kuma ba daidai ba ne, wannan magana ce. “Ba dole ba ne, to me ya kai ni? Halas, shi ke nan.” Na tattara su na wanke na zuba a jakar da suka zo a ciki. Ban ji na yi nasara ba, ban kuma ji takaici ba. Abin da na fara ji, in faɗi gaskiya, shi ne na huta da wankinsu.

Na kayan lambu suka ɗan ƙara wata biyu. Dattijon Bangaladash bai cire ba, bai kuma gyara ba. Wanda ya faɗi ya faɗi ke nan. Na kabewa ya koma kan kankana, na alayyafo ya ɓace. Na ga yana kankare busasshen ganye daga akwatin Utaiƙa, kasuwar da ake saro mana kayan, da katin karas. Da na ba shi labarin abin da ya faru a wajena, cewa ya yi, “Abokina, ni na gaji. Saura mini shekara ɗaya in koma gida.”

Baba ya ci gaba da zuwa wajen wata biyar. Kullum bulti, kullum in zare ƙaya. Wani makon ya ce jinin ya sauka, wani makon ya ce ya hau. Daga baya na lura yana jan ƙafar hagu, kuma ledar cefane tana suɓuce masa. Na tambayi Hajiya ko kifin nan ne ya jawo. Ta ce ciwon shekaru ne, rabin kilo a mako ba shi ne zai kayar da mutum ba, amma ba za ta ce ya taimaka ba. Na so ta ce fiye da haka, ba ta ce ba.

Kafilinsa, maigidan da ya ɗauko shi aiki, bai sabunta masa iƙama ba. Ba wulaƙanci aka yi masa ba, an ba shi haƙƙinsa da tikiti, amma ba wanda zai bar mai jan ƙafa ya tuƙa masa yara. Ranar Juma'a bayan masallaci muka haɗu a kasuwar Batha, na raka shi ya sayi akwati da turaruka da dogayen riguna na jikoki. Cunkoso ya yi yawa, yana tafiya yana dafa kafaɗata. Muka zauna a wani ɗan shagon abinci na 'yan gida. Ya sa aka kawo masa tuwon shinkafa da miyar kuka, da man shanu a kai. Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga mini hannu.

“Bar ni, ɗana. Yau ɗaya.”

Ya cinye tas, ya suɗe yatsu. Na nemi ya yafe mini. Ya ce babu abin da na yi masa, ni ma rubuta mini aka yi na karanta masa. Ya shiga motar haya, na tsaya har ta fita daga layin, sannan na nemi bas ɗin Nasim, don da yamma ina da aiki.

Bayan wata uku ya turo mini saƙon murya. Ya ce ya isa lafiya, yana gidan babbar 'yarsa. Ta fara yi masa tukunyarsa daban babu magi babu gishiri, amma itace da kayan miya sun yi tsada, yanzu tukunya ɗaya ake yi, sai dai a ɗebar masa kafin a ƙarasa zuba kayan ɗanɗano, in an tuna. Ya ce ƙafar tana nan yadda take. Ya gaida Hajiya, ya gaida mutumin kayan lambu.

Na saurari saƙon a tsaye, wayar a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, ina yanka wa wani mutum kifin kan'ad. Na ce zan amsa in na samu sarari. Sai bayan kwana biyu na amsa, gajeren saƙo, na ce Allah ya ƙara sauƙi, mu ma muna nan muna fama. An sauya mudir a ƙarshen shekarar. Wanda ya zo bayansa ya rage mana hutun rana da rabin awa, ya kuma ƙara teburin jatan lande a kan aikina.